Na goge iyakar gonar marayu da hannuna

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, da mata da ɗa guda, da ɗan shago a Batsari kusa da inda motocin Safana ke lodi. Gyaran kwamfuta nake yi, in haɗa da buga takardu idan gyara ya yi ƙasa. Mutane suna kirana Injiniya, ni kuma ban taɓa hana su ba, alhali iyakar karatuna a wannan fanni shekara biyu ce da na yi a shagon wani maigida a Katsina. Ina da saurin hannu, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Idan aka kawo laftop ta mutu na tayar da ita, yadda nake miƙa wa mai ita sai ka rantse ni na ƙera ta. Edita, na rubuto ne saboda abin ya daɗe yana cin raina, kuma na san akwai masu irin sana'ata da ke karanta mujallar nan. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mafi yawan mutanen suna nan da ransu.

Maigidan da ya koya mini aiki yana da ƙa'ida da ba ya wasa da ita. Duk tsohuwar laftop da za a ɗora wa sabon windo, wato tsarin da kwamfuta ke tashi da shi, sai an shirya ta tukuna. A kwance ta a share dattin da ya toshe fanka, a gwada batir da caja, a duba ko ƙarfinta zai ɗauki sabon tsarin, a kasa kunne a ji ko ma'ajiyar cikinta ta fara ƙara. Daga nan sai babban aikin: a kwashe duk abin da mai ita ya ajiye, hotuna da takardu da bidiyo, a zuba a wata ma'ajiya ta waje, saboda fomatin share komai yake yi. Idan an gama kwashewa sai a manna farin salatif a murfin, a rubuta sunan mai ita. Wadda ba ta da salatif, ba a yi mata fomatin. Yakan ce ko mai kwamfuta ya rantse babu abin da yake so a ciki, mu kwashe, kuma duk wadda aka aiko ta hannun wani sai mun ji daga bakin mai ita. Na bi wannan ƙa'ida shekaru a shagona. Sai dai da na ga ina ta kwashe kayan mutane ba wanda ke dawowa nema, na fara ganin tsohon ya cika tsanani ne kawai.

Waɗanda suka zauna a yankinmu sun san lokacin da aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo. An hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita hawan babur, wutar lantarki kuwa mun manta kamanninta. Ni da sana'ata ta dogara da janareto, sai na koma lallaɓa 'yan bumburutu a samo mini galan guda a ɓoye, in riƙa tattala shi kamar turare. A cikin wannan hali ne, wata Talata da hantsi, direban wata a-kori-kura ya sauke mini kwali biyu. Ya ce hedimastan wata makarantar kuɗi a Safana ne ya aiko, laftop tara ne, duk tsofaffi, ana so a ɗora musu sabon windo da manhajar da ɗalibai ke koyon jarrabawar shiga jami'a, kuma zai biyo ya ɗauka gobe da azahar. Har ya juya sai ya dawo ya nuna wata baƙa mai tsagaggen gefe, ya ce wannan akwai saƙo a kanta, hedimasta ya faɗa masa amma ya shige masa, saboda hankalinsa yana kan hanya. Ya ce dai a duba ta ita ma. Na ce ba damuwa, duk aikina ne.

Takwas ɗin na makaranta ne, kowace da lamba a bayanta, kuma ba abin da ke cikinsu sai 'yan takardun jarrabawa da na kwashe cikin ɗan lokaci na manna musu salatif. Baƙar ba ta da lamba. Tun a nan ya kamata in gane cewa ba ta makaranta ba ce. Da na kunna ta sai hoton wasu yara uku ya fito, mata biyu da ƙaramin namiji, suna zaune a kan tabarma. Na duba cikinta na ga wata folda mai nauyin gaske, an rubuta mata gonaki, cike da bidiyo sun fi arba'in. Na buɗe guda don in ga mene ne. Wani tsoho ne da sanda yana tafe a cikin gona bayan girbi, mai ɗaukar bidiyon yana biye da shi. Tsohon ya tsaya a kan wani falalen dutse kusa da tsamiya, ya buga sandarsa, ya ce daga dutsen nan har zuwa ƙorama gonar mahaifin malam ce, wato mai ɗaukar bidiyon. Sannan ya kira wani mutum da ke tsaye a gefe da fartanya a kafaɗa, ya tambaye shi ko haka ne, mutumin ya ce haka ne, shi tasa daga dutsen ta yi gabas. Sunan mutumin ya zauna mini a kai ne saboda sunan mahaifina gare shi. Da tsohon zai sauko daga dutsen sai na ji mai ɗaukar ya yi dariya, ya ce masa ya bi a hankali.

Abin da na kalla bai kai minti biyu ba. Na rufe, na dubi nauyin foldar, na dubi ɗan fetur ɗin da ya rage. Laftop ɗin tsohuwa ce mai jan ƙafa, kwashe wannan kaya zai ci mini awa biyu ko fiye, ga tara na jiran windo. Na ce a raina wani ne kawai ya yi ta ɗaukar ƙauyawa suna yawo a gona, kuma duk mai irin wannan bidiyo ai yana da shi a wayarsa. Na tuna da maganar saƙon da direba ya manta, na ce in ma akwai wani abu mai muhimmanci da an rubuto a takarda. Babu waya balle in kira hedimasta, amma akwai hanyar da ta fi kowace sauƙi, wato in ajiye ta gefe in yi takwas ɗin, in ce wa direba ya tambayo. Ban yi ba, saboda ina so a ce an kawo wa Injiniya tara ya tashi tara a kwana guda, a lokacin da kowa ke kukan fetur. Na yaga salatif na manna mata ba tare da na kwashe komai ba, don kada ta fita daban a cikin 'yan uwanta. Na yi mata fomatin, na ɗora windo, na cika ta da manhajar jarrabawa da littattafai har ma'ajiyar ta kusa cika. Washegari direba ya zo ya kwashe, ya yaba mini, na ji daɗi.

Kusan wata biyar ne suka wuce, har an dawo da layukan waya, na ma manta. Wata rana bayan azahar sai ga wata mata da dogon hijabi ta yi sallama a ƙofar shago, tare da wani magidanci da ya ce shi yayanta ne. Yana riƙe da baƙar laftop ɗin, salatif ɗina na nan a murfinta. Bayan mun gaisa, na tambaye su hanya da mutanen gida, sai ya yi mini bayani. Laftop ɗin ta mijinta ce, malami a waccan makaranta, ɗan wani ƙauye a bayan Runka. 'Yan bindiga sun tare motar da yake ciki a hanyar Safana suka kashe shi, suka tafi da wayarsa. Laftop ɗin ta tsira ne saboda a ofishin makaranta yake barin ta don caji. Lokacin da mutanen ƙauyensu suka fara gudu, marigayin ya hango cewa in an daɗe ba a noma ba iyakoki za su ɓace, sai ya ɗauki sarkin nomansu, tsohon da ya san gonar kowa, suka zagaya gona-gona yana faɗa yana ɗauka a waya, yana juyewa a laftop. Matar tana cikin takaba a lokacin, ba ta fita. Ta aika wa hedimasta ta bakin surukarta cewa in za a kai kwamfutoci gyara, a haɗa da ta mijinta a juye mata bidiyon gonakin a filash, 'yar ƙaramar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, kada a taɓa komai. Wannan shi ne saƙon da ya bi ta baki uku ya mutu a bakin direba.

Yayan ya ci gaba da cewa yanzu mutane sun fara komawa ƙauyen su yi noma da rana su dawo. Gambar da ke kan iyakoki wuta ta cinye, an sare tsamiyar, sarkin noma kuma ya rasu a gudun hijira. Maƙwabcin gonar marigayi ya tashi ya ce iyakarsa ta kai har ƙorama, wato ya haɗa da fadamar da ita ce ran gonar, wadda yaran nan uku za su ci abinci da ita. Da ya faɗi sunan maƙwabcin sai na gane mai fartanyar nan ne na cikin bidiyo, domin sunan mahaifina ne. A ƙarshe matar ta sa baki. Ta yi magana a hankali, kanta a ƙasa, ta kira ni Malam Injiniya, ta ce sun buɗe laftop ɗin ba su ga komai ba, ko Allah ya sa na ajiye a wani wuri, tunda an ce haka masu gyara suke yi.

A nan ne na yi abin da ya fi fomatin ɗin muni. Na dubi shagon maƙwabcina, na ga mutane zaune a benci suna jin mu, na tuna da sunan Injiniya. Sai na ce musu laftop ɗin ko tashi ba ta yi ba da aka kawo ta, ma'ajiyar cikinta ta riga ta mutu, ni ma taimako na yi na sa wata. Ƙaryar ta fito mini sumul, ko in'ina ban yi ba. Yayan ya tambaya ko tsohuwar ma'ajiyar tana nan. Na sunkuya na jawo kwalin da nake zuba matattun kaya, na zaɓi wata da ban ma san ta waye ba, na miƙa masa. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe ta a gefen hijabinta. Har godiya suka yi mini, yayan ya ce Allah ya saka da alheri da ban jefar ba. Na amsa da amin.

Da suka tafi ne na gane ramin da na haƙa. Bidiyon ya tafi, amma akwai mutum guda a raye da ya gani da idonsa, ya ji tsohon ya faɗi iyaka, ya ji maƙwabcin ya amsa da bakinsa, kuma ni ne. Da na faɗi gaskiya a ranar, da an zage ni, wataƙila in rasa aikin makarantar, amma da na tafi gaban dagaci na ce ga falalen dutse, ga abin da aka faɗa a kansa, a tambayi mutumin ko ya tuna ranar da ya tsaya da fartanya a kafaɗa. Ban ce lallai shaidata za ta wadatar ba, amma ita kaɗai marayun suke da ita. Yanzu kuwa na ce laftop ɗin ko tashi ba ta yi ba, to ta ina na gani? Duk ranar da na yi niyyar zuwa sai in ce bari gobe. Na ji labari ta bakin direban nan cewa matar ta sayar da akuyarta an kai ma'ajiyar Katsina, daga can aka ce sai Kano, aka kai, duk aka ce ba ta tashi. Na ji ranar da aka sa za a zauna a gaban dagaci. Ranar na buɗe shago kamar kullum, na yi ta buga takardun mutane har la'asar. Maƙwabcin ya kawo mutum biyu, ya yi rantsuwa, ɓangaren marayu ba su da kowa. Dagaci ya yanke da abin da ke gabansa, fadama ta tafi.

Bayan haka ban sake jin daɗin komai ba. Abinci ya daina shiga, na zama mai faɗa a gida a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk laftop ɗin da na kunna sai in ga kamar hoton yaran nan zai fito. Matata ce ta tsare ni wata Juma'a bayan na dawo masallaci, ta ce ba ta san abin da na yi ba, amma ta san na yi wani abu, kuma ba za ta ci gaba da zama da mutumin da ke firgita in an yi sallama ba. Na faɗa mata duka. Ba ta yi mini ihu ba, da ma ta yi. Ta ce in tuna muna da ɗa, kuma hanyar da ta ci malamin nan ni ma ina bin ta. Sannan ta ɗauko mini hulata.

Na sami matar a Safana, a gidan yayanta inda take zaune da yaran. Damina ta riga ta wuce, maƙwabcin ya noma fadamar ya girbe. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ita ta zauna daga bakin ƙofar ciki. Na faɗi komai, tun daga galan ɗin fetur har salatif ɗin da na manna na ƙarya, har ma'ajiyar da na ba su. Yayan ya miƙe tsaye, na ɗauka duka zai kai mini, kuma da ya yi ba zan kare ba. Ya ce ashe ƙanwarsa ta sayar da akuyar marayu ne don a ta da ƙarfen wani, sannan ya fita waje don ya kasa zama. Daga baya shi ne ya kai ni wurin dagaci. Dagacin ya saurare ni har na gama, ya ce an rufe magana da rantsuwa, kuma mutanen maƙwabcin za su tambaya wanne ne gaskiya, abin da na faɗa a shago gaban jama'a ko wanda nake faɗa yanzu. Ya ce da na zo a ranar zama, da wata magana ce daban.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya faru a zauren bayan yayan ya fita. Matar ta miƙe. Sai ta shiga ciki ta dawo da wata hula, ta warware ta, ga ma'ajiyar nan a ciki. Hular mijinta ce. Ta ce a ƙarƙashin kayanta take ajiye ta, kuma takan ce wa ƙaramin yaron muryar babansa na ciki, wata rana za a sami mai buɗewa ya ji, domin bai yi wayon da zai tuna ta ba. Ta ajiye ma'ajiyar a gefen tabarmata, ta riƙe hular. Daga nan ta tambaye ni ko a ɗan abin da na kalla na ji maganar malam. Na ce na ji, dariya ya yi, ya ce wa tsohon ya bi a hankali kada ya zame. Ta ce in sake faɗa, yadda ya faɗa. Na sake. Ta gyaɗa kai ta ce haka yake, ko yaro zai sauko daga gado sai ya ce a hankali. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni kuma ban ga fuskar da zan roƙa da ita ba. Na ɗauki ma'ajiyar na fito.

Har yau ina gyaran kwamfuta, sai dai na hana a kira ni Injiniya. Duk kaka ina aika wa yaran abin da ya sawwaƙa na hatsi, ana karɓa, amma na san buhu ba ya zama fadama. Na koyi cewa abin da ke cikin tsohuwar kwamfuta ba nawa ba ne balle in yanke masa daraja, kuma yadda na raina bidiyon ƙauyawa a gona shi ne asalin laifina, fetur hujja ce kawai na samu. Na kuma koyi cewa goge bidiyon kuskure ne da za a iya rage ɓarnarsa a ranar da aka tambaye ni, ƙaryar ce ta ƙwace gonar.

Don haka ina roƙon 'yan uwana masu gyara, don Allah kada ku ɗora wa kowace laftop sabon windo sai kun kwashe abin da ke ciki, ko da aikin zai kwana uku. Wadda aka aiko ta hannun wani, ku ajiye ta har sai kun ji daga mai ita, musamman a yankinmu da masu kayan da yawa suna ƙasa, iyalansu kuma ba su san abin da aka bar musu a ciki ba. Ku kuma masu aikowa, ku rubuta saƙonku a takarda ku manna a jikin kayan. In kuma ƙaddara ta sa kun yi ɓarna, ku faɗa a take, tun faɗar tana da amfani. Matacciyar ma'ajiyar nan tana kan teburina kusa da salatif, ita nake fara gani duk safiya in na buɗe shago. Yaron ya shiga firamare bana, kuma duk abin da zai taɓa sani na muryar mahaifinsa, kalmomi ne kaɗan da suka fito daga bakin mutumin da ya goge ta.